Wa Ya Aiko Dimka?

Jawabin da jami'in shirye-shirye na jam'iyya ya yi wa jama'a a dandalin kasuwa. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi.

Iyayena dattawa, iyayenmu mata da ke can bayan zana, yayyena da ƙannena, ina gaishe ku, ina kuma yi muku sannu da aiki. Na san wasunku daga gona kuka taso, wasu ko kaya ba su gama ɗaurewa ba. Ba zan tsare ku da yawa ba.

Kun ga wannan takarda da ke hannuna? Naira ashirin ce. Yau da ƙyar take sayen ashana, amma ku dubi hoton da ke jikinta. Janar Murtala Ramat Muhammed ke nan, Allah ya jiƙansa. Tun shekarar 1977 aka sa hotonsa a jikin wannan kuɗi, shekara guda bayan an kashe shi.

Ni ba a haife ni ba sa'ad da abin ya faru. A bakin kakana na fara jin labarin, daga baya na karanta a littafi, daga baya kuma na koyar da shi, domin kafin in shiga wannan aiki malamin makaranta ne ni. Wata rana ina cikin ba 'yan ajina labarin, na ce musu wani soja mai suna Dimka shi ya jagoranci kisan. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to shi Dimka wa ya aiko shi?" Na buɗe littafin da aka ba mu, na duba gaba na duba baya, layi uku ne kacal a kan maganar. Tambayar yarinyar nan ce na kawo muku yau, domin tana da alaƙa da ƙuri'ar da za ku jefa.

KWANA 200

An haifi Murtala a Kano a shekarar 1938. Ya hau mulki a ƙarshen watan Yuli na 1975, bayan sojoji sun ture Janar Yakubu Gowon. Kimanin kwana 200 ya yi a kan kujera, watau ko shekara bai cika ba. A cikin ɗan wannan lokaci ya soke ƙidayar 1973 da ta jawo rigima. Ya ƙara jihohi daga 12 zuwa 19. Ya yanke shawarar a ɗauke babban birnin ƙasa daga Ikko, watau Legas, a kai shi Abuja. Ya kafa kwamitin rubuta tsarin mulki, ya kuma sa ranar da soja za su koma bariki, 1 ga Oktoba, 1979.

Kada kuma in ɓoye muku ɗaya gefen. Ya kori ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000, har da alƙalai da 'yan sanda da sojoji. A cikinsu akwai ɓarayi, akwai kuma waɗanda aka kora ba a ko saurari ta bakinsu ba. Ana kuma shirin rage yawan sojoji, waɗanda suka kumbura a lokacin yaƙin basasa. Mutumin da ya yi irin wannan aiki cikin wata shida ya tara masoya, ya kuma tara maƙiya a cikin gida. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

RANAR JUMA'A

Ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, da safe, ya fito daga gidansa a unguwar Ikoyi zai tafi ofis a Barikin Dodan. Ba jiniya, ba jerin motoci, don haka ya saba. Baƙar Marsandi guda ɗaya. Motar ta shiga cunkoso, sai wasu sojoji da ke jira suka buɗe mata wuta. Nan take ya cika, yana da shekara 37. Tare da shi aka kashe dogarinsa, Laftanar Akintunde Akinsehinwa, da direbansa. A ranar ne kuma aka kashe Gwamnan Jihar Kwara, Kanar Ibrahim Taiwo. An kai gawar Murtala Kano aka yi masa sutura. Motar tana nan har yau a gidan tarihi na Ikko, da ramukan harsashi a jikinta.

Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka, shugaban sashen motsa jiki na soja, ya shiga gidan rediyo ya ce an yi juyin mulki. Saboda ruɗewa har ya sa dokar hana fita daga ƙarfe shida na safe zuwa shida na yamma, watau a kwana a waje a wuni a ɗaka. Kafin rana ta faɗi an murƙushe su.

Ga kuma bayanin da gwamnati ta ba jama'a. Ta ce wasu hafsoshi ne suka ƙulla abin, saboda suna jin haushin ƙarin girman da aka yi wa wasu aka bar su, suna tsoron rage sojoji, suna zargin gwamnati ta karkata ga kwaminisanci, suna kuma son su maido da Gowon. Ta ce har da Kwamishinan Tsaro, Manjo-Janar Iliya Bisalla, a cikin maƙarƙashiyar. Ranar 11 ga Maris aka harbe mutum fiye da 30, Bisalla na cikinsu. Ranar 15 ga Mayu aka harbe Dimka da wasu mutum shida, ciki har da Joseph Gomwalk, tsohon Gwamnan Binuwai da Filato. Daga nan aka ce magana ta ƙare.

Jama'a, ban zo in ce muku Dimka ba shi da laifi ba. Duniya ta ji muryarsa a rediyo. Abin da nake cewa shi ne, bayanin nan yana da ɓaraka a wuri huɗu, kuma rabin ƙarni ke nan ba a ɗinke ta ba.

TAMBAYA TA FARKO: SHARI'A A ƊAKI A KULLE

Dukanku kun taɓa zuwa gaban alƙali, ko kun raka wani. In rigimar gona ce, ana kiran mai ƙara, ana kiran wanda ake ƙara, ana kiran shaidu, jama'a na zaune suna ji. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara. Wannan a kan iyakar gona ke nan fa.

To a kan jinin shugaban ƙasa, da rayukan mutum kusan 40, a asirce aka yi shari'ar. Kotun soja ce ta zauna, ba a bar jama'a sun shiga ba, babu kuma wata kotu ta sama da za a kai kuka. Majalisar Ƙoli ta Soja ce ta tabbatar da hukuncin, alhali kuwa wasu daga cikin 'yan majalisar nan su ne aka so a kashe a ranar. Watau wanda aka yi wa laifi shi ne mai maganar ƙarshe a shari'ar.

Ku lissafa kwanakin kuma. Daga 13 ga Fabrairu zuwa 11 ga Maris kwana 27 ne. Shi Dimka sai a farkon watan Maris aka kama shi. Ke nan 'yan kwanaki kaɗan bayan an kama babban mai ba da labari aka harbe mutum fiye da 30. Bisalla kuwa har ya tafi bai amsa laifin ba. In yana da hannu, jama'a ba su ga hujjar da idonsu ba. In ba shi da hannu, an zubar da jinin da ba ya kwasuwa. Wanda aka harbe ba ya sake magana, kuma duk abin da ke cikinsa da shi aka binne.

TAMBAYA TA BIYU: MAGANAR GOWON

Gwamnati ta ce Gowon ya san da shirin. A lokacin yana Ingila yana karatu a Jami'ar Warwick. Aka nemi Ingila ta miƙo shi, ta ƙi. Aka tuɓe masa muƙaminsa na soja, aka ce ana nemansa ruwa a jallo. Shi kuwa ya musanta, kuma bai taɓa sauya magana ba.

A shekarar 1981 Shugaba Shehu Shagari ya yi masa afuwa. A 1983 ya dawo gida. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta maido masa da muƙaminsa. Ba a taɓa tsayar da shi gaban wata kotu ba. To ku auna da hankalinku. In abin da aka faɗa a kansa gaskiya ne, ina hujjar? In kuwa ba gaskiya ba ne, to an zalunci bawan Allah shekara da shekaru, kuma bakin da aka dogara da shi aka zarge shi, da shi aka dogara aka harbe wasu. Igiya ɗaya ce ta ɗaure kayan duka. In ta tsinke a nan, dole mai kaya ya duba sauran ƙullin.

TAMBAYA TA UKU: TA INA YA FITA?

Dimka yana cikin gidan rediyo sojojin gwamnati suka zo. Hafsan Hafsoshin Soja, Janar Danjuma, shi ya tura Kanar Ibrahim Babangida wurin. An yi magana da Dimka, daga baya aka dawo da motoci masu sulke aka ƙwace gidan. Amma mutumin da duk ƙasa ke nema ya sulale. Sai bayan kamar mako uku aka kama shi can wajen Abakaliki, tafiyar ɗaruruwan mil daga Ikko.

Waɗanda suka je wurin sun ba da nasu labarin a hira da 'yan jarida da cikin littattafansu. Ba na tuhumar kowa. Amma kun sani, labarin da mutum ya bayar a kan kansa yana zaune a falonsa daban, shaidar da ya bayar a gaban alƙali ana yi masa tambayoyi daban. Ta biyun ce jama'ar ƙasar nan ba su samu ba.

TAMBAYA TA HUƊU: HANNUN WAJE

Wannan ita ce wadda aka fi yi a shayi da majalisa, don haka ku saurara da kyau.

A shekarar 1975 ƙasar Angola ta sami 'yanci daga Fotugal, sai yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙungiyoyi uku. Amurka da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu suna bayan biyu. Murtala ya tsaya bayan ta ukun, MPLA, ya amince da gwamnatinta a watan Nuwamba. Shugaban Amurka, Gerald Ford, ya rubuto wa shugabannin Afirka wasiƙa yana nuna musu inda za su karkata. Gwamnatin Murtala ta buga wasiƙar kowa ya gani, ta ce cin fuska ce. Ranar 11 ga Janairu, 1976, ya tsaya a taron Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Adis Ababa, ya ce Afirka ta kawo ƙarfi, ta wuce a riƙa ba ta umarni daga waje. Bayan kwana 33 aka kashe shi.

Ƙari a kan haka, a ranar da abin ya faru Dimka ya je ofishin Jakadan Ingila, Sir Martin Le Quesne, ya nemi a sada shi da Gowon. Jakadan ya ce bai biya masa bukata ba. Ɗalibai suka yi zanga-zanga a ofisoshin jakadancin Ingila da Amurka, a watan Maris kuma gwamnati ta nemi Ingila ta janye jakadan nata.

Me ya sa ɗaliban suka yi zargi? Ba haka kawai ba. Wata uku kafin nan, a Nuwamban 1975, wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya fitar da rahoto cewa hukumar leƙen asirinsu, CIA, ta taɓa shirya sa wa Patrice Lumumba na Kwango guba. Wanda maciji ya sari maƙwabcinsa, in ya ga baƙin tsumma dole ya yi tsalle.

Amma ni malami ne, ba zan koya muku abin da ba shi da hujja ba. Har yau ba a fito da wata takarda da ta nuna wata ƙasar waje ce ta aiko Dimka ba. Biri ya yi kama da mutum, amma kama ba ta isa a yanke hukunci. Na kuma faɗa muku tun farko, yana da maƙiya a cikin gida waɗanda ba su bukatar kowa ya aiko su. Laifin da nake gani shi ne, waɗanda ke da ikon warware zargin nan, ko su tabbatar ko su kore, sun zaɓi su kulle ƙofa. Inda aka kulle ƙofa kuwa, nan jita-jita ke yin sheƙa.

KADA A RABA MU

Wasu za su zo muku da wata fassara. Za su ce ai yawancin waɗanda aka harbe 'yan wajen Filato ne, don haka ƙabila kaza ko addini kaza ne suka kashe mana Murtala. Duk wanda ya faɗa muku haka ƙuri'arku yake so ya saya da ƙiyayya. Dogarin da ya mutu a gefensa Bayarabe ne. Gwamnan da aka kashe a Kwara Bayarabe ne. Janar Danjuma da ya murƙushe juyin mulkin mutumin Takum ne, kuma Kirista. Iyalan waɗanda aka harbe su ma suna da haƙƙin su san a kan wace hujja aka harbe nasu. Buɗe takardun nan zai amfane su kamar yadda zai amfane mu.

ƘOFA TANA BUƊUWA

Wani zai ce, Malam, abin da ya wuce ya wuce, wa zai tono maganar shekara hamsin? To ku ji yadda aka yi a wasu wurare.

Lumumba da na ambata, an kashe shi ranar 17 ga Janairu, 1961. Mahukuntan Katanga suka ce gudu ya yi daga tsare, mutanen wani ƙauye suka kashe shi. Bayan shekara 40, a 2001, Majalisar Beljiyam ta yi bincike ta amsa cewa gwamnatinsu tana da alhaki a ciki. A Burkina Faso an kashe Thomas Sankara a 1987, aka rubuta a takardar mutuwarsa wai ajali ne kawai. A 2022 kotu ta yanke wa Blaise Compaoré ɗaurin rai da rai a bayan idonsa. Ga maƙwabtanmu na Nijar. Ranar 9 ga Afrilu, 1999, aka harbe Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara a filin jirgin saman Yamai, Firayim Minista ya fito ya ce hatsari ne. Aka sa afuwa a cikin tsarin mulki don kada a tuhumi kowa. Iyalansa ba su gaji ba, har a 2015 kotun ECOWAS ta ce an tauye musu haƙƙi, ta umarci a biya su diyya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma sai an sami mai bin sa.

Mu fa? Tun daga 1976 kulle ƙofa ya zama mana al'ada. An kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara, a Kano ranar 10 ga Yuli, 1981. An kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam a cikin ƙunshin wasiƙa a 1986, ba a hukunta kowa ba. An kashe Cif Bola Ige a gidansa a Ibadan ranar 23 ga Disamba, 2001, yana Ministan Shari'a na ƙasa baki ɗaya, kuma ba wanda kotu ta kama da laifin. A 1999 an kafa kwamitin Mai Shari'a Oputa don ya binciki irin waɗannan abubuwa, ya miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta buga shi ba.

Iyayena, ku tsaya a nan ku yi tunani. In jinin Ministan Shari'a ya tafi haka, ina ga na manomin da aka harbe a gonarsa? Ina ga matar da aka kashe mijinta a hanyar kasuwa, aka ce mata ana bincike, shekara ta zagayo ana bincike? Ƙasar da ta saba rufe maganar jinin manya ba za ta buɗe ta talaka ba. Shi ya sa maganar Murtala ba tatsuniya ba ce. Maganar ƙauyen nan ce.

ABIN DA ƘURI'A ZA TA IYA

Yanzu ba mulkin soja ake yi ba. Akwai sanatoci 109 da 'yan Majalisar Wakilai 360, kuma ku ne kuke tura su. Sashe na 88 na tsarin mulkin 1999 ya ba su ikon yin bincike. Tun 2011 kuma akwai dokar da ta ba ɗan ƙasa damar ya nemi takardun gwamnati. Makami yana nan, masu ɗauka ne suka yi ƙaranci.

Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanku, namu ne ko na wasu, kafin ya sauke buhun shinkafa da atamfa ku yi masa tambaya uku. Na ɗaya, in ka je majalisa za ka tashi ka nemi a buɗe takardun binciken 1976 da na shari'ar, a ajiye su inda kowane ɗalibi zai iya karantawa? Na biyu, za ka nemi a buga rahoton Oputa da sunan gwamnati, da duk rahoton kwamitin da aka kafa a kan kisa aka jefa a durowa? Na uku, in aka kashe mutum a mazaɓarka, za ka bi maganar har kotu, ko ta'aziyya za ka aiko da ambulan? Ku sa ya amsa a bainar jama'a, dattawa na ji. Mu ma da muka zo neman ƙuri'arku, ku ɗaure mu da wannan igiya. In muka ci muka manta, ku ajiye wannan takarda ku nuna mana.

Ranar zaɓe kuma ku fito da wuri da katinku, maza da mata. In kun jefa kada ku watse. Ku tsaya a ƙirga a gabanku, a faɗa da ƙarfi, a rubuta, a manna sakamakon a bango kowa ya gani. Kun dai ji abin da ke faruwa in aka shiga ɗaki da magana aka kulle ƙofa.

Yarinyar nan da ta yi mini tambaya ta kusa isa jefa ƙuri'a. Ina fata ranar da ita ma za ta tsaya gaban nata ajin, ta sami fiye da layi uku da za ta karanta musu.

Allah ya jiƙan Murtala da duk waɗanda aka kashe ba da haƙƙi ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya.